Fitilar 'Yan Tsaki a Ƙafar Inna

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da maganinta. Ban zauna rubuta wannan don a yi mini sannu ba, na sha sannu har ta ginshe ni. Na rubuta ne don duk wanda yake da tsohuwa ko tsoho mai ciwon suga a gida ya tashi ya je ya ɗaga ƙafarsa ya duba, yau ɗin nan. Kuma gara in faɗa tun yanzu, raina a ɓace yake, ba kuma zan ɓoye waɗanda suka ɓata shi ba.

Sunana Dije. Ina aure a wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin sa'a a ƙafa daga gidanmu ba, duk a ƙasar Ɗanbatta. Mu biyu muka rage wa Inna a duniya, ni auta da Yaya Sabi'u ɗanta na fari. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gida da gona, yana kuma kiwon kajin gidan gona a wani ɗaki da ya gina a bayan gida, har da ɗan injinsa na wuta. Mutum ne mai son a ce ya iya. Rediyo ta lalace, ya iya. Akuya ta kasa haihuwa, ya iya. Kun kuwa san yadda uwa take da ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "yayanku" take cewa. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta musa masa, in ya shigo gaishe ta da safe bango take kallo tana amsawa. Ni ce dai ta zagi, ni ce ta aike, ni ake gaya wa inda ke ciwo.

Shekara shida ke nan da aka ce tana da suga. Takan sha ƙwayarta in ta tuna, takan sha fura da sukari in ta manta. Da bazarar da ta wuce ƙafafun suka fara. Ta ce mini tafin yana mata zafi kamar an shafa barkono, wani lokacin kuma kamar ana tsira mata allura. Na ɗauka tsufa ne. Sai ranar da ta dawo daga gidan suna da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ya fice tun a hanya, ta tako ƙasa mai zafi har gida ba ta sani ba. Mata suka yi ta dariya, ita ma ta yi. Ni ban yi ba.

Dangi kuwa nan da nan kowa ya zama likita. Wannan ya ce sanyi ne, a jiƙa saiwa. Wancan ya ce sammu ta taka. Gwaggo Talle, ƙanwar marigayi Baba, wadda ba ta taɓa rasa maganin ciwon wani ba alhali nata gwiwoyin sun gagare ta, ta ce lalle kawai za a ƙunsa mata, shi ke kashe zafin ƙafa tun kaka da kakanni. Na toshe kunnena na kai Inna asibiti a Ɗanbatta, su kuma suka tura mu Kano.

Makon farko duk a layi ya ƙare. Mukan fito da an idar da asuba, mu hau babur zuwa tasha, mu jira mota ta cika, a cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, mu sauka a bakin gari mu hau adaidaita. Kafin mu isa an gama raba lamba. Zuwan farko aka ce mun makara. Zuwa na biyu wani mai yankan kati, da ke danna waya kamar shi ya ƙirƙiro ta, ya ce bai ga takardarmu ba, ya bar tsohuwa zaune a kan siminti har azahar. Allah Ya isa tsakanina da shi, ban janye ba. Sai a zuwa na uku muka ga likita.

Ya sa Inna ta rufe ido, ya ɗauko wani ɗan siririn zare mai tauri yana taɓa mata tafin ƙafa nan da can. Ya gama da ta dama, ya gama da ta hagu, ya ajiye zaren. Inna tana nan ido a rufe.

"Ɗan nan, ka fara mana," in ji ta.

Likitan ya dube ni. Ya ce sugan ne ya cinye jijiyoyin. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kaina: "Ƙafar nan ta daina kai ƙara. Ko ƙusa ta taka ba za ta gaya mata ba. Daga yau idonku ne jijiyarta." Ya canza mata magani, ya kuma rubuta mu sashen gashin ƙashi, ya ce akwai wani haske da ake sa wa masu irin wannan ciwo, a gwada ko za a dace.

A can muka samu wata ma'aikaciya, doguwa, daga wajen Rijiyar Zaki take zuwa aiki. Ita kam Allah Ya saka mata da alheri, Ya jiƙan iyayenta. Ta durƙusa ta wanke wa Inna ƙafa da hannunta, ta buɗe tsakanin 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Sannan ta ɗauko wasu baƙaƙen faifai masu laushi, cikinsu cike da 'yan ƙananan fitilu ja, ta naɗe ƙafafun da su ta kunna na'ura. Rabin sa'a ake yi. Na taɓa da hannuna, ɗumin bai kai na jikin mutum mai zazzaɓi ba. In ta cire sai ta sake duba fatar kaf.

Ba ta yi mana romon baka ba. Ta ce, "Hajiya, ba zan ce miki wannan zai tayar da jijiyar da ta mutu ba. Wasu sukan ji sauƙin raɗaɗi, wasu ba sa jin komai. Babban maganin shi ne sugan ya sauka." Ta juyo gare ni. "Ke kuma ki riƙe abu uku. Ban da kaskon wuta, ban da ruwan zafi, ban da lalle. Ina son in riƙa ganin fatar yadda Allah Ya yi ta."

Na riƙe, na kuma kawo gida na faɗa a tsakar gida kowa yana ji. Gwaggo Talle ta taɓe baki. Yaya Sabi'u ya ce, "To, mun ji, likita," aka yi dariya.

Mako na biyu da na uku, sau uku-uku muke zuwa. Inna ta ce raɗaɗin ya ɗan lafa, tana samun barci. Ko hasken ne, ko sabon maganin ne, ko daina shan sukari da na tsare ta a kai, wallahi ban sani ba, kuma ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Na dai ga fuskarta ta saki. Wahalar hanya kuwa ba a magana, in mun dawo sai ta kwanta kamar an yi mata duka.

A mako na huɗu damina ta zauna sosai. Maigidana ya kira gayya ta noman gyaɗa, bayanta kuma ga 'yan ƙodago a gonar gero, duk ni ce mai tuwonsu. Na je na samu Yaya Sabi'u na ce ya karɓe ni na ɗan lokaci. Ya ce ba komai, ai uwarsa ce. Sau ɗaya ya kai ta. Ya shiga ɗakin, ya ga na'urar, ya ga jan haske, shi ke nan ya gama karatun likita.

Duk lokacin da na buga masa waya na ce ana zuwa hasken kuwa, sai ya ce, "Ana yi, ana yi." Na kwana goma sha ɗaya ban leƙa gida ba. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai wani ya ɗora mini ba.

Ranar da na je, da la'asar ce. Tun daga zaure na ji ƙarar injin kaji, na yi mamakin abin da ya sa aka tayar da shi da rana. Waya na gani an ja daga bayan gida, ta bi ta kan danga ta shiga ɗakin Inna. Na ɗaga labule. Inna na kishingiɗe a tabarma, an kife turmi an ɗora mata ƙafafu a kai. Daga jikin azara kuma an rataya jan ƙwan fitilar nan da ake ɗumama 'yan tsaki da shi, an sauko da shi har bai fi taƙi ɗaya tsakaninsa da ƙafarta ta hagu ba. Ƙafafun duka biyu sun yi baƙi-baƙi da lalle, ƙunshi a kan ƙunshi. Gwaggo Talle na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ɗakin yana wani irin wari da na kasa ganewa.

Na miƙa hannuna ƙarƙashin fitilar. Ban iya ƙirga biyar ba na janye.

"Inna! Tun yaushe ake wannan?"

"Yayanku ne ya hutar da ni hanya," ta ce, tana kallon bango.

Na fizge wayar daga jikin fitilar. Gwaggo ta ce, "Ke Dije, lafiyarki? Yanzu fa aka kunna, ko sa'a ba a yi ba."

Jin hayaniya ya shigo da Yaya Sabi'u, hannunsa duk dusa. Ya ce wa ya kashe. Na ce ni. Ya ce, "Ke wai me ke damunki? Da idona na ga abin nan. Jan haske ne da ɗumi, ba wani abu. Nasu ma ƙanana ne kamar idon ɓera, nawa ya fi ƙarfi. Abin da za su yi a wata uku, wannan a sati biyu ya gama. Tsohuwa tana ta jijjiga a mota a banza."

"Yaya, ka taɓa sa hannunka a ƙarƙashinsa?"

"Ita ta ce da zafi? Inna, da zafi?"

"Babu," in ji Inna.

"To kin ji."

Na ce ai da ma ba za ta ji ba, abin da ya kai mu asibitin ke nan, a gabanka na faɗa. Ya ce 'yan tsaki ma da ba su fi loma ɗaya ba a ƙarƙashinta suke kwana, ba wanda ya ƙone. Na ce ɗan tsako in ya ji zafi matsawa yake yi. Ya ce ba zai tsaya ƙanwar bayansa tana masa tsawa a gidan ubansa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na daɗe ina jin ana faɗa, ranar na gan shi tsaye da ƙafafunsa.

Na ɗebo ruwa mai sanyi a kwano na fara wanke ƙafar hagun a hankali. A bayan ƙafar, daga gindin 'yan yatsu, akwai wani tsumma da aka ɗaure aka shafe da lalle har ya saje. Na kwance shi. Fatar ta biyo tsumman. Abin da ke ƙasa ba zan kwatanta shi duka ba. Ya yi fari a tsakiya, gefensa ya yi ruwa, 'yan yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙin da ba na lalle ba. Warin da na ji daga nan yake. Inna tana kallona ina yi, ko motsi ba ta yi ba.

Gwaggo ta saki salati. Sai kuma ta ce a kawo ɗanyen ƙwai da man kaɗanya a shafa, ƙuna ce, kwana uku ta bushe. Na ce mata duk wanda ya sake taɓa ƙafar nan sai dai ya bi ta kaina. Tun da nake ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba. Yaya Sabi'u ya tsaya a bakin ƙofa, can sai ya fita ya kashe injin.

Maigidana ya samo mana mota, da sassafe muka kama hanyar Kano. A motar na tambayi Inna wa ya ɗaura tsumman. Ta ce ita. Kwana huɗu da suka wuce ta ga ruwa-ruwa a tabarma, ta duba ta ga bororo ya fashe. Ta ɗaure, ta aika aka kira Gwaggo ta ƙara mata lalle ba tare da ta gaya mata dalili ba.

"Don me, Inna? Don me ba ki ce ya daina ba?"

"In ce masa me? Yaro ya cire fitila daga kan kajinsa ya kawo mini. Har tsaki bakwai ya rasa saboda sanyi. In buɗe baki in ce ya ƙona ni?"

"To ni fa? Ba ki da mai aike?"

"Ke da bakinki? Da gari duk ya ji."

Na juya ina kallon gonaki ta taga, hawaye na zuba. Haushinta nake ji, haushinsa nake ji, haushin wannan kunya da muke taƙama da ita nake ji. Kunyar da za ta sa uwa ta zauna ana dafa mata ƙafa don kada ɗanta ya ji nauyi, ni ban ga ladanta ba, malamai su yi mini bayani.

Aka ba mu gado a ranar. Likitan da ya buɗe ciwon ya tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki ke nan Inna ta riga ni. "Ni da kaina na jawo fitila kusa da ƙafar, ɗan nan. Tsautsayi ne." Na ce, "Likita, ba haka aka yi ba." Ta ce, "Rufe mini baki, Dije." Na rufe. Ma'aikaciyar nan ta sashen haske ta ji labari ta hawo ta duba mu. Ta daɗe tana kallon ƙafar da ta saba wankewa. Ba ta yi mini gori ba ko da kalma ɗaya, ta dai dafa kafaɗata ta tafi, washegari ta aiko mana da kunu marar sukari a fulas.

Mako na farko a gado, wankin ciwo kullum, ana yanke ruɓaɓɓen nama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan da ke gadajen kusa suna ihu in ana wanke nasu, Inna kuwa tana jan carbi kamar ƙafar wata ake taɓawa. Mako na biyu aka cire 'yan yatsu biyun. Muka ce an tsira. Masu zuwa dubiya suka yi ta sintiri, kowa da lemon kwalba da burodi a leda, wa mai ciwon suga. Kowa kuma sai ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ita ta ja waya ta kan danga ba. Yaya Sabi'u yakan zo ranar Juma'a, ya tsaya daga ƙofar ɗakin ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ya ajiye abin da ya kawo ya fita. Ni ba na amsa gaisuwarsa.

Mako na uku zazzaɓi ya rufe ta, ta fara sambatu, tana kiran sunayen yayyena da suka rasu tun suna goye. Baƙin ya haura idon sawu. Likita ya kira mu ni da Yaya Sabi'u ya ce ko ƙafar ko ran, kuma ba lokacin zuwa shawara gida. Aka miƙo takarda. Yaya ya riƙe biro, ya dube ni wai ko zan ce wani abu. Na ce, "Sa hannu mana. Ai ka iya." Ya sa.

Ƙasa da gwiwa suka yanke. Aikin ya yi kyau, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi shi.

Kafin in ƙarasa, ga abin da nake roƙon mai karatu. Hasken asibiti daban, fitilar kaji daban, kada ja ya ruɗe ku, kallon kitse ne ake wa rogo. Mai ciwon suga in ya ce ba zafi, kada ku yarda, ku sa hannunku ku ji. Ku duba ƙafar kullum da rana, har tsakanin yatsu, kada a rufe ta da lalle. In kuma tsohuwarku mai kunya ce, ku sani abin da ta ɓoye ya fi abin da ta faɗa.

Bayan an fito da ita, tana cikin barcin allura, wani ma'aikaci ya leƙo ya ce ina 'yan'uwanta, a zo a karɓi ƙafar a je a binne. Ban taɓa tunanin wannan ba. Maigidana ya je ya yanko farin yadi, aka naɗe ta, aka sa a kwali. Ya ce shi zai kai ta gida, a binne kusa da kabarin Baba. Na ce a'a. Na ɗauki kwalin da hannuna, yana da nauyi fiye da yadda na zata, na bi baranda har inda Yaya Sabi'u ke zaune a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Na ajiye masa a cinya.

"Kai za ka kai."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa ja. Maigidana ya ce, "Haba Dije, ki ji tsoron Allah." Na ce tsoron Allahn ne ya sa ban faɗi fiye da haka ba. Yaya ya miƙe, ya rungumi kwalin, ya fita. Ta taga na hango shi yana ɗaure shi a bayan babur da roba, ya kwance, ya sake ɗaurewa, sannan ya kwance gaba ɗaya ya ɗora shi a gabansa kan tanki. An ce mini shi kaɗai ya haƙa ramin, ya hana kowa karɓar fartanyar.

Washegari da hantsi Inna ta farka sosai. Ta shafa zanen gadon inda ƙafar take a da, ta ce alhamdu lillahi. Sannan ta tambaye ni ko an binne. Na ce an binne, kusa da Baba. Ta ce wa ya kai.

"Shi."

"Wa ya ba shi?"

"Ni."

Ta daɗe tana kallona. Tun da aka fara wannan jinya ban ga hawayenta ba sai lokacin. Ta ce, "Yaron da ko kaza ba ya iya yankawa da kansa. Kin kyauta, Dije." Ta juya mini baya.

Wata huɗu ke nan. Inna tana gidana, don na rantse ba za ta koma wancan ɗakin ba. Ni nake ɗaukarta zuwa banɗaki, ni nake wanke dungun, ni nake ɗaga ƙafar da ta rage kowace safiya in buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Maganar fitila ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba, ta yafe wannan tun kafin a nema. Kwalin da na ɗora wa ɗanta a cinya ne har yau ba ta yafe mini ba, ni kuma ban roƙa ba.